Ranar Da Aka Wanke Muryar Inna

Cikin duk abin da na rubuta muku na rayuwata, nan ne wurin da na fi daɗewa ina kewayawa. Labarin aurena da babanku, Allah ya jiƙansa, a zama ɗaya na rubuta shi. Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, daga Sukukutane zuwa Dogon Kiriya har aka dawo da ni Dogon Dutsi, su ma ba su ba ni wahala ba. Amma maganar waya, abin da bai wuce tafin hannu ba, ita ta hana ni sakat. Cikin ƴaƴan da na haifa ku biyu Allah ya bar mini, kai Sule da ke Zalika, kuma ga shi yau ba kwa magana da juna saboda ita. Na faɗa da baki har na gaji. Ke Zalika kin ce ina rufa wa ɗana asiri, kai Sule ka ce in bar maganar ta mutu. To ba za ta mutu ba, ni ce zan mutu in bar ku da ita. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, don ni ina wurin, ke kuwa Zalika ba kya nan.

Bari in fara da tsohuwar wayar, wadda ku biyu kuka sha yi wa dariya. Babanku ne ya saya mini ita a shekarar da na ajiye alli. Ta daɗe a hannuna har gilashin fuskarta ya tsage daga kusurwa, baterinta ya kumbura ya ɗaga murfin baya, na samo roba na ɗaure ta. In za a sa mata wuta sai an jingina ta da kwano an karkata igiyar gefe guda, in wani ya taka tabarmar kuma sai a sake daga farko. Kusa da murhu take wuni tare da ni, saboda haka ta sha man gyaɗa da garin tuwo har maɓallin gefenta ya yi danƙo. Amma yatsana ya san ta. Ko idona a rufe na san inda zan taɓa in kira mutum, na san inda zan taɓa in ɗauki murya. Ban taɓa neman tabarau don in yi aiki da ita ba.

A shekarar da ƙafafun Inna suka ƙi ɗaukarta ne muka je ƙauyenmu can gefen Lugu muka taho da ita gari. Ba da son ranta ba. Uwata ba mace ce mai sauƙi ba, kuma duk wanda ya ce a wurinta na gaji bakina bai yi ƙarya ba. Ta ce garin injin ba shi da ɗanɗano, ta ce ruwan famfo warin ƙarfe yake yi, ta ce mutanen Dogon Dutsi suna gaisuwa kamar ana korarsu. Tana salla, tana azumi, amma kamar sauran tsofaffin wajenmu ba ta wuce wata bishiya ko tsohuwar rijiya ba tare da ta yi sallama ba, don ta ce akwai masu wurin. Doguwa, iskar nan da mutanenmu na da suke girmamawa, Inna tana ambatonta ne kamar wata maƙwabciya mai saurin fushi da aka saba zama da ita. Kuma Inna rumbun waƙa ce. Waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar reno, kirarin kakanninmu ɗaya bayan ɗaya har zuwa waɗanda suka haƙa rijiyar farko, duk suna kanta.

Ke Zalika, daga Yamai inda kike aikin jinya, ke kika kawo shawarar. Kin ce tsohuwar nan in ta tafi ta tafi da komai, in riƙa ɗaukar muryarta a waya. Na fara ne da wasa. Wata rana da hantsi tana zaune a inuwar darbejiya tana tsince wake tana rera waƙa, na taɓa wayar na ajiye kusa da ita. Da ta gama na kunna mata. Ta tsaya da tsintar, ta karkata kunne.

“Wace tsohuwa ce wagga mai murya kamar ta akuya?”

“Ke ce, Inna.”

Ta ƙara saurare har ƙarshe.

“To ki ce mata ta iya waƙa.”

Daga ranar ita take kirana. Sai ta ce, “Madam, kawo ƴar kwalbarki, na tuna wata.” Madam take ce mini in tana son tsokana, wayar kuma kwalba, wai don ana zuba murya a ciki a rufe. Haka muka yi damina guda da kaka. Wani lokaci ba waƙa ba ce, hira ce: yadda aka yi yunwa tana yarinya, yadda ta haife ni a gona ranar shuka, sunayen gonakinmu da iyakokinsu, wa ya auri wa. A ciki ana jin zakara, ana jin tari, ana jin ni ina ce mata ta ɗaga murya tana ce mini in rufe mata baki.

Kai kuma Sule, a lokacin ka buɗe butik ɗinka na wayoyi a kasuwa, ka tsayar da gemu, ka ɗage wando, kana zuwa karatu wurin malamanku. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, kuma ina so Zalika ta ji shi daga gare ni. Kai kake sayo wa Inna magani, kai kake ɗaukarta cak ka sa a mota in za a kai ta likita. Ita kuma “maigida” take ce maka, irin wasan kaka da jika, tana cewa ka bar ta da yunwa za ta kai ƙara. Amma waƙoƙin nan ba su kwanta maka ba. Ka shigo wata rana ka tarar tana rera ta renon nan, wadda duk da ita aka goya ku:

“Kwanta, kwanta, ɗan gero,
rana ta yi zahi.
Doguwa ta wuce gona,
ba ta ga ɗana ba.”

Ka tsaya a bakin zaure, fuskarka ta canza.

“Mama, abin nan da kike ɗauka, kiran iskoki ne fa. Ba kyau a ajiye shi.”

Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

“Maigida, da wagga waƙa aka yi renonka. Ga ka nan ka yi gemu, mi ta rage maka?”

Ka yi dariya ba don kana so ba, ka ce Allah ya shirye mu baki ɗaya, ta ce amin, ya fara da kai. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ni na ba Zalika labarin a waya don mu yi dariya. Ban san ajiye shi za ta yi ba.

Inna ta rasu bayan an gama shigar da gero rumbu. Ke Zalika kin zo zaman makoki a gaggauce, da jaka ɗaya. Na ce ki kwashe muryoyin, kika ce wayarki ta cika, in bari sai kin zo da ordinater ɗinki, wato kwamfuta, da salla. Tun kafin nan na sha gwada aika miki su ta wurin da muke aika vokal, wato saƙon murya, amma dogaye ne, sai abin ya yi ta juyawa yana juyawa, rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, ya koma farko. Gajeru ne kawai suka isa gare ki, na gaisuwa, inda take ce miki yaushe za ki kawo miji. Sauran duk suna cikin kwalba. Bayan mutane sun watse, gidan ya yi mini faɗi. In na gama aikin safe sai in jingina wayar da kwano in kunna, in ci gaba da tsintar wakena, Inna tana waƙa tana zagina. Wallahi da wannan na yi jimamin uwata, ba da wa'azin kowa ba.

Maganar sabuwar waya kuwa ta daɗe tana yawo a gidan. Kai Sule abin yana damunka. Ka ce mutane suna zuwa butik suna ce maka, mai sayar da wayoyi guda, uwarsa na yawo da waya ɗaure da roba. Na ce su zo su faɗa mini a gabana. Ka ce sabuwar tana ɗaukar hoto kamar mutum zai yi magana, na ce wa zan ɗauka, akuyata? Ka ce baterinta yana wuni biyu, na ce ina zan je da ba zan dawo gida ba? Ka ce wannan baterin da ya kumbura wata rana zai kama wuta a ƙarƙashin matashina. Nan kam na sallama, don ka fi ni sanin aikinka. Sannan wani saƙo ya fara fitowa da Faransanci cewa abin aika vokal ya kusa daina aiki a irin wayata. Sannan ke Zalika kika ce in na samu sabuwa za mu riƙa kira muna ganin juna. Wannan ne ya karya ni. Na yi ta auna abin a raina: wayar da nake da ita tana yi mini duk abin da nake so, amma fuskar ƴata da ke nesa ba ƙaramin abu ba ce. Na ce to, na yarda.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Na zauna a kan benci cikin butik ɗinka, mutane na shiga suna fita, wani na neman igiyar wuta, wani na rantsuwa wayarsa ba ta faɗa ruwa ba alhali tana ɗiga. Ka buɗe kwali ka fito da sabuwar, doguwa, baƙa, sumul, har ina jin tsoron riƙe ta. Ka cire robar tsohuwar, ka zare ƙaramin katin nan da kuke ce wa karti memwar, ka mayar a sabuwar. Ka nuna mini lambobin mutanena duk sun dawo, ka nuna mini hotuna, har da na babanku ranar salla. Na ce madalla. Sai ka ɗaga tsohuwar da yatsu biyu.

“Mama, na kwashe miki lambobi da hotuna. Ita wannan fa, in wanke ta?”

Na dube ta a hannunka, kusa da sabuwar mai sheƙi. Duk maiƙo, duk gari a tsagar gilashin. Kunya ta kama ni a gaban mutane.

“Wanke ta mana, Sule. Wanke ta tas, ka ba ni abata.”

Ku tsaya nan, ku biyu, ku sake karanta maganar nan. Abin da ya faɗa ke nan, abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ban rage ba. Ni a raina, tsumma za ka sa da ɗan ruwan nan mai ƙamshi da kuke goge gilashi da shi, in kai ta gida in sa a akwati, in riƙa fito da ita ina jin Inna har Zalika ta zo. Ban san cewa a bakin masu waya, wanke waya shi ne a share duk abin da ke cikinta ta koma kamar ranar da aka ƙera ta ba. Haka suke yi wa duk tsohuwar wayar da za ta canza hannu, don kada wani ya ga asirin wani. Kai kuma da ka ji na ce ka ba ni abata, ka ɗauka wata ƴar'uwa zan ba a ƙauye. Muryoyin kuwa, ka ga ina ta fama da aika su watanni, ka ɗauka sun daɗe da isa Yamai. Kuma ba a kan katin suke ba, a cikin cikin wayar suke. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa ƴaƴan mutane ma'anar kalmomi da Faransanci, kalmar Hausa ce ta kayar da ni, kalmar da nake faɗa kullum a bakin randa.

Na zaga cikin kasuwa na sayi kayan miya na dawo. Ka miƙo mini ita a ƴar leda, ka ma mayar mata da robarta. Na duba, maiƙon yana nan, garin yana nan.

“Kai Sule, ina wankin? Ai ga dauɗarta nan yadda take.”

“Na wanke ta, Mama. Kunna ki gani.”

Na kunna. Ta yi ƴar waƙarta, ta kawo wata gaisuwa da ban taɓa gani ba, tana tambayata wane harshe nake so. Yatsana ya tafi inda ya saba, bai tarar da komai ba. Na sake taɓawa. Na ce ina Inna? Ka ce wace Inna? Na ce muryar Inna, waƙoƙin. Na ga lokacin da maganar ta isa gare ka. Sule, na haife ka, na san fuskarka in kana ƙarya tun kana satar ƙuli-ƙuli, kuma ba ita na gani ba ranar. Jini ne ya bar fuskarka. Ka karɓe wayar daga hannuna, ka yi ta dannawa, wani mai saye yana yi maka magana ba ka ma ji shi ba.

“Ba ki aika wa Zalika ba?”

“Sun ƙi tafiya.”

“Mama, don me ba ki faɗa mini ba?”

“Kai don me ba ka ce mini sharewa za ka yi ba?”

Na ɗauki kayan miyata na fito. Ban yi kuka a kasuwa ba, sai da na kai gida na ga kwanon da nake jingina ta.

Kira na farko da na yi da sabuwar wayar, ke na kira, Zalika, irin kiran da ake ganin juna. Gaskiyar Sule, hoton kamar mutum zai fito. Na gan ki tsaf cikin farar rigarki ta aiki, kina dariya kina cewa yau Mama ta shigo gari. Kuma tsaf na ga dariyar tana barin fuskarki da na faɗa miki. Da tsohuwar ce da muryarki kawai zan ji, da ya fi mini sauƙi. Sule yana tsaye bayana, don ya biyo ni gida. Kika ce in ba shi.

“Ka yi abin da ka daɗe kana so.”

“Zalika, wallahi ban sani ba.”

“Ba ka sani ba? Kai da ka ce ba kyau a ajiye su? Mai sayar da waya guda bai san ya duba kafin ya share ba? Ka sa kakarmu ta mutu sau biyu.”

Nan ne kai ma jinin gidanmu ya motsa maka. Na ga haƙoranka sun haɗu, na san abin da ke tafe ba alheri ba ne.

“To ko da gangan na yi, ai ban yi laifi ba. Waƙar iskoki ce.”

Kika kashe kiran. Daga ranar ba ku ƙara magana ba. Da salla kin zo da ordinater ɗin da ba shi da sauran amfani, Sule ya shigo gaishe ni kika tashi kika shige ɗaki. Sule, maganar nan da ka faɗa ƙarya ce, kuma ka san ƙarya ce, baƙin ciki ne ya sa ka ɗauki abin da ya fi kusa da hannunka ka jefa. Amma ka ƙi janye ta, don kai ɗan babanka ne wajen taurin kai. Ke kuma Zalika kin riƙe ta kamar an ba ki ajiya.

Akwai abin da Sule ya roƙe ni kada in faɗa, kuma yau zan faɗa, ya yi fushi in ya ga dama. Bayan abin ya faru ya rufe butik ya ɗauki tsohuwar wayar ya tafi Doso wurin wani mai gyara da aka ce yana dawo da abin da aka share. Bai dace ba. Ya tsallaka iyaka ya kai ta Sakkwato. Can ma aka buɗe ta, aka haɗa da na'ura, aka ce masa an makara. Har Yamai ya je da ita, Zalika, garin da kike, ya kwana a tasha bai neme ki ba, don ya ce ba zai zo miki hannu wofi ba. Da ya dawo ya ajiye mini ita a kan tabarma, ya zauna ya rufe fuska da hannu. Mutumin da ya share abu da gangan ba ya yawon ƙasa biyu yana neman a dawo masa da shi.

Mutane suna tambayata, musamman tsofaffin abokan aikina da ƴaƴansu ke matsa musu, wai sabuwar waya ta fi? Ba na yi musu ƙarya. Ta fi. Ba ta mutuwa da rana tsaka, rubutunta manya ne, ina jin karatun Alƙur'ani a ciki garau, ina ganin fuskar ƴata in ta ga damar kira. Amma in suka ce ta cancanci canjin, sai in ce su fara zama su tambayi kansu me ke cikin tsohuwar wanda babu shi a ko'ina a duniya, kuma duk kalmar da mai waya ya faɗa musu su ce ya sake faɗa da Hausar gida. Ni da na san abin da zan bayar ke nan, da na zauna da robata har baterin ya fashe. Na yi ƙoƙarin rera waƙoƙin da kaina in ɗauka. Muryata ba ta waƙa ba ce, kuma na tarar rabi-rabi na sani. Tun ina yarinya aka kai ni lakwal, lokacin da ƴan'uwana ke koyon kirarin kakanni ni ina haddace sunayen kogunan wata ƙasa. Na kan fara, in kai tsakiya, in tsaya. Ba wanda zan tambaya.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da matar Sule ta haihu, mace, ya sa wa yarinyar sunan Inna, shi ya sa duk gidan Inna ƙarama muke ce mata. Ke Zalika ba ki zo suna ba, kin ce mini wai neman wanke kai ne. Kwanakin baya na je gidansu bayan la'asar. Na tarar ƙofar a buɗe, matar ta shiga maƙwabta, ban yi sallama da ƙarfi ba don kada in ta da yarinyar. Ashe ba barci take ba, rigima take yi. Daga zaure na hango Sule a tsakar gida, ya juya mini baya, ya ɗora ta a kafaɗa yana kai da komo. Yana waƙa. Ƙasa-ƙasa, da wannan muryar tasa mai kauri:

“Kwanta, kwanta, ɗan gero,
rana ta yi zahi.”

Zahi ya ce, ba zafi ba, yadda Inna take faɗa. Da ya zo wurin sunan Doguwa bai faɗa ba, sai ya rufe baki ya yi gunjin wurin a hanci, sannan ya ci gaba, ta wuce gona, ba ta ga ɗana ba. Kuma bai tsaya inda ni nake tsayawa ba. Ya wuce, ya shiga wasu baitocin da na manta da su sam, na tsuntsun da ya sauka kan rumbu, na uwar da ta tafi rijiya za ta dawo. Har ɗan jan numfashin da Inna take yi kafin baiti na ƙarshe, yana nan a bakinsa.

Na ce a raina, Zalika, bari in ɗaukar wa Zalika. Na laluba jaka na fito da sabuwar wayar. Ta nemi in zana alamar buɗewa, na zana ba daidai ba. Na sake. Ta buɗe, yatsana ya tafi kusurwar da ya saba, inda abin ɗaukar murya yake a tsohuwar, sai ga wani abu daban ya fito yana nuna mini yanayin sama. Na koma baya, na shafa dama, na shafa hagu, ga tabarau na bari a gida. Ina cikin nema yarinyar ta yi shiru, shi ma ya yi shiru. Ya juyo ya gan ni tsaye da waya a hannu.

“Mama, yaushe kika shigo?”

“Yanzun nan.”

“Rigima take yi, zafi ne ya dame ta.”

Na ce haka ne, ana zafi. Na san in na roƙe shi ya sake waƙar, zai ce shi ba ya waƙa.

Saboda haka Zalika, ba ni da abin da zan aika miki. Ba vokal, ba shaida, sai maganata, wadda kika ce ba ki yarda da ita a kan ɗan'uwanki. Abin da ya rage na waƙoƙin Inna ba ya cikin kowace waya, yana bakin mutumin da kika ƙi gaisarwa, kuma ba ya fitowa sai in yarinyar ta yi kuka. Tana girma. An kusa yaye ta, daga nan kuma ba mai rera mata. In kina son ji, ki hau mota ki zo, ki tsaya a zauren nan inda na tsaya, kada ki yi sallama da ƙarfi.